Saƙon da Ba Marisol Ta Aiko Ba

Laraba da dare, Gesse

Ina shagon Baba bayan azahar saƙo ya shigo wayata da sunan Marisol, shugabar ƙungiyarmu ta wasan intanet can Filifin. Wai in turo lambar sirrin asusun da munka tara makaman wasan da muke sayarwa, akwai mai saye yana jira.

Har na fara rubutawa, sai na tsaya. Shekara biyu muna wasa tare, ba ta taɓa yi mani magana ba ta fara da "Sannu Hauwa" da na koya mata ba. Wannan ko gaisuwa babu.

Na kira ta ta bidiyo. Ashe ɓarayi sun kutsa shafinta tun safe. Nan take na canza lambar, na gargaɗi sauran 'yan ƙungiyar. Marisol kuka take yi, ta ce da cinikin nan ƙannenta ke karatu. Saura ƙiris in aika.

Baba, mai cewa kullum ina ɓata lokaci, ya ji komai. Ya dube ni ya ce, "Ke Hauwa, ashe amanar mutane ce a hannunki." Da kanshi ya dama mani fura.