Wasiƙun da Ban Ƙona Ba

Islip, 9 ga Maris, 1961

Zuwa ga 'yata Hilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan tarin nan ya sake ki. Gwiwata da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki. Kin ce a ɗakin ajiyar takardu na Oxford an ɗora miki ɓatan wasiƙun marigayi Mista Thackwell na 1916, har shugabanki yana maganar sallamarki daga aiki. Hilda, ba ki ɓatar da komai ba. Suna ƙarƙashin gadona.

Kin san shekara talatin na yi ina masa aikin gida, zamanin da manya ke taruwa a falonsa suna tsara majalisa ɗaya da za ta haɗa Ingila da Kanada da sauran ƙasashen Sarki. Abin da na ɓoye miki, lokacin ban iya karatu ba. Shi ya sa ni kaɗai ke taɓa teburinsa. Yakan ce wa baƙi Mabel ta fi akwatin ƙarfe riƙon asiri, su yi dariya, ni ma in taya su.

Da burinsa ya rushe, tsufa ya zo, ya ba ni ƙunshin wasiƙun ya ce in sa a murhu, ya manta sakatarensa ya riga ya sa su a jerin takardunsa. Na ga takarda mai kyau, bayanta fari fes, na kasa.

Taki,
Mama

Islip, 16 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki. Na gode da ba ki yi fushi ba. Gobe zan kawo su da kaina a motar safe.

Saura abu ɗaya. A bayan takardun nan na koyi rubutu, ina da shekara hamsin da biyu, matar fasto na riƙe da hannuna. Na gaji da kai wasiƙunki maƙwabta a karanta mini, a amsa miki da bakin wasu.

Jiya na ɗauko abin goge fensir. Sai na tuna kin ce a aikinku ba a goge komai, lamba ake sa wa kowace takarda, gaba da baya. Na ajiye.

To, duk masanin da ya gama karanta yadda za a haɗa duniya, ya juya takardar, sunanki zai tarar, sau ɗaruruwa, na farkon duk a karkace. In shugabanki ya tambaye ki hannun wa ne, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce na uwarki ne.

Mahaifiyarki,
Mabel Trinder