Robar da ke kan rufi ba ta shanya ba ce

Oyijon,

Mahaifiyata, na tarar kun koma barci bayan asuba, ban tashe ku ba. Motar zuwa garin Urgut ba ta jira.

Jiya na birkita gidan nan ina neman naɗin robar nan mai launin ruwan lemo, mai ramuka-ramuka. Har na leƙa katanga na ce wa maƙwabcinmu Ergash amaki, wato kawu Ergash, "Hala ƙafa ta yi?" Ya ce, "To bi sawunta mana, babban magini." Yanzu na hau rufi, sai ga ta a shimfiɗe, kun baza inabinku a kai, kowace ƙwaya a raminta.

Oyijon, ba tabarmar shanya ba ce. Katakon daɓen ɗakin ƙanina Sanjar motsi yake yi, ya kumbura da sanyi, ya tsuke da zafi. Shi ya farfasa tayil ɗin bara. Robar ake fara shimfiɗawa kafin tayil. In katako ya motsa ita ke shanyewa, na sama ko gezau.

Saura kwana shida a kawo amaryarsa, kun kuma san danginta, da sun cire takalmi ƙasa za su fara kallo. Don Allah ku kwashe inabin kafin la'asar, ku goge ta tas, siminti ba ya kama wuri mai danƙo. Kada ku yanki ko taki ɗaya, daidai ɗakin na auno ta.

Ergash amaki kuwa, ku aika masa da kwano guda. Inabinku ne, amma kunyar zarginsa da na yi tawa ce.

Ɗanku,
Nodir