Kunne Ɗaya Na Daji Ne

Zuwa ga Yaya Ƙasimu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna Hajjo? Mutanenmu na Kakangi sun samu shiga gona bana kuwa? Ni lafiya lau nake a Legas. A shagon gyara nake kwana yanzu, amma ana lallaɓawa. Kada ka faɗa wa Inna.

Ka tambaye ni abin da za ka ƙara wa kwamfutar gidan gem ɗinka, wadda yara ke wasa a kanta. Bar maganar katin hoto, wutar da yake ci ta fi ƙarfin solarku. Ka ƙara mata ram, wato ma'ajiyar da ke ba ta sauri, ka sauya fanka, za ta daina maƙalewa ana cikin wasa.

Babbar lasifikar nan kuwa, don Allah kada ka saya. Na ji abin da ƙaramar ma ta jawo ranar kasuwa, da ƙarar bindigar wasan ta fito waje mutane suka watse, har man suya ya ƙona Bara'atu mai ƙosai. Allah Ya ba ta lafiya. A nan wannan ƙarar nishaɗi ce, a Birnin Gwari kuwa wa zai tsaya tambaya?

Zan aiko maka da 'yan iyafis, abin sauraron nan na sawa a kunne, ta hannun direba. Za ka ga kowanne na yanke masa kunne ɗaya, da gangan na yi. Mai wasa ya ji wasansa da ɗaya, ɗayan a bar shi yana sauraron daji.

Allah Ya tsare mana ku.

Ƙanenka,
Suhaibu