Tudun da Sabis Ke Leƙowa

Sabuwa, Asabar

Aminina Almu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, gwiwar nan taka kuma ta daina gardama. Tunda aka yanke mana sabis mun koma biro da direba.

Ka tuna akwatin gem ɗin nan na Kaduna da muke yi wa layi muna samari? Ɗan leƙen asirin da ke saukowa bene ta lif, yana faɗawa jajayen ƙofofi yana kwasar sirri? Ashe an sabunta shi, ya shigo waya, har gashin baki aka yi masa. Saura ƙiris ya gama sauka a wayata sabis ya ɗauke. Shi ya sa nake hawa tudun bayan gari, inda sabis ke ɗan leƙowa, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da furfurata! Gide, shugaban 'yan sa-kai, ya gan ni, ya yi mini gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo.

Gaida mutan gida.
Mas'ud

Sabuwa, Laraba

Almu,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya yara? Mu nan sai addu'a. 'Yan bindiga sun kore shanun Malam Mati, maƙwabcina, sun harbe ƙanensa. Ta gindin tudun suka bi.

A masallaci yanzu ana bar mini fili dama da hagu, sai ka ce hakimi. Mata sun daina shigowa wurin matata Hajaratu aron turmi. Ba wanda ya ce mini infoma a ido, amma yara na faɗa in na wuce, yaro kuwa ba ya ƙirƙira.

Gide ya zo ya karɓi wayar. Gem ɗin ya riga ya gama sauka, na buɗe masa da kaina: ga mutum da bindiga, ga taswirar ƙofofi. Ya yi dariya sosai, sannan ya ce dattijo kamata, wanda ya koya masa karatu, ba zai hau tudu don wasan yara ba. Ka ji matsalar: girman da yake ba ni shi ya hana shi yarda. Wayar na aljihunsa.

Naka,
Mas'ud

Sabuwa, Juma'a

Almu, ɗan'uwana,

Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. 'Yan sa-kai sun ce in je gindin tsamiyar bayan kasuwa bayan la'asar, a yi 'yan tambayoyi. Can aka kira Bilya mai faci da damina. Har yau shagonsa a rufe.

Gudu shi ne amsa laifi, a gidana kuma za a huce. Zan je.

Hajaratu ce za ta miƙo maka wannan, ita da 'yarmu Amatullah. Na ce masu matarka ce ta haihu. Ka bari su ci abinci tukuna kafin ka karanta masu.

Ka yafe mini. Wassalam.
Mas'ud