Wuƙar Bahago

Zuwa ga maigidana, Baban Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, ina fatan makwancinka da sanyi. Mu nan Bukkuyum muna nan yadda ka bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Luba da Bello lafiya lau, na goye ya fara tafiya yana bin bango. Ni ce dai na gaji, kuma akwai labarin kayan aikinka da nake so ka ji daga bakina.

Ranar da na fita takaba, yayanka Malam Ummaru ya zo daga Gwashi. Ya zauna a zaure, daidai inda kake shimfiɗa fatarka, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, “Ba ƙin ki mukai ba, Hajo, amma ɗiya ba su cin haƙuri. In kaka ta yi ba ki tsai da ƙahwahunki ba, Luba ta tahi Adabka wurin gwaggonta, Bello shi biyo ni, ke ki riƙe na goye.” Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai tun daga ranar, duk lokacin da na zuba musu tuwo a kwano ɗaya sai in tsaya ina kallon hannuwansu.

Ba ni da gona, ban iya awo ba, kuma masu ƙosai a unguwarmu sun fi masu saye yawa. Abin da ka bari shi ne burgamen nan naka, jakar kayan aikinka da ke rataye a ƙusa, da ragowar jajayen fatun awaki da ka ɗauko daga majema kafin ka kwanta. Na ce a raina, shekara nawa ina kallon mutumin nan yana aiki, in dai ido na koyon sana'a ai ni ma baduka ce.

Na sauke burgamen na zazzage a tabarma. Ga wuƙarka, ga basillarka, ga ƙananan allurai a soke cikin guntun ƙyalle, ga tsinken huda, ga dutsen washi da ya lotse a tsakiya. Almakashin da ka hana ni yanka zanen Sallah da shi, shi ma ga shi ya zo hannu, ba mai hana ni, sai na ji ba na so. Katakon yankanka na jingine a bayan ƙofa, duk ya sha zane. Na tuna abin da kake faɗa wa masu zuwa neman koyo, da suke tsammanin sai sun tara kaya jibgi: “Wuƙa, basilla, katako. Saura duk ado na.” To, Malam, ina da ukun, na ɗauka an gama.

Ɗan-Asabe, mai kai maka kaya kasuwar Gummi, bai manta da mu ba. Ya ce kube da gafaka sun ja baya, abin da ke tafiya yanzu shi ne gidan wayar hannu, tunda kowane mai babur ya sayi waya yana neman inda zai sa ta. Ya yanka mini kwali daidai girman abin, ya ce in gwada. Ɗinki bai ba ni wuya ba, hannuna ya saba da allura tun ina yarinya. Inda na kasa shi ne fere bakin fata. Ka san kafin a ninke sai an kwantar da wuƙa an rage kaurin gefen, ya yi laushi kamar kunnen akuya. Kai kana yi kana hira, har da waiwaye. Ni da na ɗora wuƙar sai ta nutse ta huda fatar, in na sassauta kuma ta zame ba ta ɗauki komai ba.

Na farko da na aika, Ɗan-Asabe ya maido su. Ya juya ɗaya a hannu ya ce, “Ɗumkin ya yi, Hajo, amma bakin ya yi kauri. Wanga bai shiga aljihu.” Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Da ma ya yi, wataƙila da na ji haushi na samu ƙarfi.

Haka damina ta wuce mini. In yi sharar safe, in ɗora tukunya, in zauna a gaban katako har bayana ya ƙage. Na zargi fatar, na ce majemi ya cuce ka. Na zargi idona. Na sayi reza, tana yanka amma ba ta fere. Na sayi wuƙar kasuwa, kafin azahar ta dakushe. Fatunka kuwa suna ta ƙarewa a hannuna, guntu-guntu, ina tara ɓarnar a ƙwarya kamar mai shirin yin wani abu da ita. Gero ya fitar da kai a gonakin mutane, kowa na murna, ni ina lissafin kwanakin da suka rage mini.

Da fata ta rage saura kaɗan sai na ɗauki wuƙar na tafi wurin Baba Ige maƙeri, ina tsammanin washi kawai take so. Tsohon ya ƙara tsufa bayanka. Ya karɓa, ya kai ta kusa da ido, ya shafa kaifin da babban yatsa, sai ya yi murmushi. Ya ce, “Wuƙag ga ni niƙ ƙera ta. Ta bahago ta, ɗiyata. Gehe guda anka wasa ta, don hannun hauni. Ko shekara kinka yi kina hwama da dama, hwata kaɗai za ki ci.”

Wane ne a garin nan bai san kai bahago ne ba? Ni da na sha tsokanarka a kai. Kai da bakinka ka ba ni labarin yadda innarka ke ɗaure maka hannun hagu da tsumma kana yaro, har ka koyi cin abinci da dama, amma da aka ba ka wuƙa hannun ya koma inda ya fi so. In na yi maka tsiya sai ka ce, “Dama ta ci, hauni ta nemo.” Duk na san wannan. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne ƙarfe ma yana bin hannun mai shi. Wata da watanni ina ɓata fata, ashe ni da wuƙar kowa hanyarsa daban.

Na roƙe shi ya ƙera mini wata. Ya nuna mini maƙerar, toka ta yi sanyi har kaji na birgima a ciki. 'Ya'yansa duk sun tafi haƙar zinari wajen Anka, ba mai yi masa zuga, hannunsa kuma ba ya iya ɗaga guduma. Ya ce abin da zai iya shi ne ya cinye kaifinka da magagari, ya fitar da sabo a ɗaya gefen. Ya ƙara da cewa, “Ki yi tunani dai. In na taɓa ta, ba ta komawa.”

Na dawo da ita gida ba a taɓa ba. Kada ka yi mini dariya, sai da na gwada zama bahaguwa. Kwana da kwanaki ina fere tsofaffin guntaye da hagu, har na yanke yatsan dama na rasa hannun ɗinkin ma na ɗan lokaci. Rigunanka an raba, takalmanka an bayar sadaka, hularka tana kan wani a masallaci. Wuƙar nan kaɗai ta rage yadda ka ajiye ta, da washin ƙarshe da ka yi mata. Ina son yarana, kuma ban so a taɓa ta ba. Ban san mutum na iya gajiya da tunani fiye da gajiyar daka ba sai a kwanakin nan.

Da na ji an fara yankan gero sai na koma. Na zauna a gefe ina kallon Baba Ige yana goga magagari, garin ƙarfen na zuba a kan buhu. Na so in kwashe in ƙulle a bakin zane, kunya ta hana ni. Bai karɓi komai a hannuna ba, ya ce ladan ya kai maka.

Wuƙar ta rage faɗi, ta zama siririya. Amma da na ɗora ta a fata sai ta tafi sumul, gefen ya fito da laushi tun yankan farko. Ban yi murna ba, Malam, ajiyar zuciya kawai na yi na ci gaba da aiki. Ɗan-Asabe ya ɗauki na wannan karon, ya dawo ya ce in ƙara, ya haɗa ni da majemin da za a riƙa ɗauko mini fata a wurinsa. Malam Ummaru ya zo bayan an kai amfani gida, ya ga hatsi a buhu, ya ga katako da aiki a kai. Sai ya ce a bar yaran nan tukuna, a ga baɗi. Baɗi kawai ya ba ni, amma na karɓa hannu biyu.

Shekaranjiya da hantsi ina aiki, Luba ta dawo daga makarantar allo ta tsuguna tana binciken burgamen. Ta fitar da basilla, ta fitar da dutsen washi, ta leƙa har ƙasa. Sai ta ce, “Inna, ina wuƙar Baba?” Na ce ga ta a hannuna. Ta dube ta da kyau, ta girgiza kai ta ce ba ita ba ce, ta Baba ta fi wannan faɗi. Yarinyar kuwa ba ta yi ƙarya ba. Na ce ta je ta ɗauko ƙanenta kada ya faɗa murhu, ta tashi ta tafi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sa guminka da ka ciyar da mu da shi ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa. Mu kuma ya ba mu ƙarfin kai baɗi, ya bar mini yaran nan a ɗaki ɗaya. Amin.

Ni ce taka,
Hajo