Da takardar haihuwar wata na yi karatu, yanzu ta zo karɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye adireshina. Daga siber, shagon intanet, nake rubuto muku a nan Tamanrasset, ku taimake ni da shawara don Allah, kaina ya kulle.

Iyayena mutanen Damagaram ne ta Nijar, baƙi ne a ƙasar nan, Baba yana sayar da atamfa a kasuwa. A gida aka haife ni nan unguwar Gataa El Oued, ba a yi mini takardar haihuwa ba, don lokacin su ma ba su da takardar zama. Da na isa shiga lekkol, wato makarantar boko, aka ƙi karɓata. Baba yana da amini Buzu mai lambu a ƙauyen Tazrouk, yana da 'ya sa'ata, zan kira ta Tekna. Shi ya kawo takardar haihuwarta da hannunsa, ya ce tasa kiwon awaki za ta yi, a sa ni lekkol da takardar. Tun ranar a aji ni ce Tekna, a gida kuma sunana na yanka. Da sunanta na ci bak, jarrabawar gama sakandare, da shi aka yi mini katin ɗan ƙasa da hotona, da shi na karanta shimi, wato ilimin sinadarai, a jami'a can arewacin ƙasar nan.

A shekarar ƙarshe malamina ya sa ni aiki a kan ilimin nano, wato sarrafa abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ko madubin likita ba ya nuna su. Ni abin da ya kama zuciyata shi ne yadda ake ɗora magani a kan irin wannan ƙwayar, ta kai shi inda ciwon yake kaɗai. Wallahi ranar da ruwan zinariyar da na haɗa ya koma ja a kwalba, alamar ƙwayoyin sun samu, zama na yi ina ta kallonsa har aka zo rufe labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Malamin ne ya nema mini gurbin horo na shekara biyu a Turai, inda ake haɗa fizik da shimi da biyoloji wuri ɗaya. Sun ɗauke ni. Fasfo kawai suke jira kafin ƙarshen watan gobe.

Na dawo gida in haɗa takardu, sai ga Tekna da mijinta sun sauka. Mahaifinta ya rasu tuntuni. 'Yarta ta kai shekara shida, lekkol sun ce sai takardar haihuwa, takardar ba ta fita sai an rubuta aurensu a hukuma, rubuta auren kuma sai da katin ɗan ƙasa na uwa. In ta je nema, za a ga an riga an ba wata.

Mijin ya yi ta faɗa, ya ce in ba mu gyara ba wurin jandarma zai kai ƙara. Baba ya ce amana ce aka ba mu, a mayar ko me zai faru. Inna ta ce shekara ashirin ta wahala ba za ta tafi a banza ba, in yi fasfona in tafi, in na dawo a san abin yi. Kwana uku ke nan Baba da Inna ba sa magana da juna.

Ita Tekna ba ta ɗaga murya ba. Muna tsintar shinkafa ta ce da ni, da Hausarta ta Buzaye, “'Yar uwa, ban taɓa jin haushin karatunki ba. Amma yarinyar nan kullum sai ta bi yara har ƙofar lekkol, ta tsaya ta dawo.”

Na bincika a ɓoye. In na fito na faɗi gaskiya, ana iya soke duk diflom ɗina, wato takardun shaidar karatuna, ana iya tsare ni, a kori Baba da tsufansa. In na nemi fasfon Nijar da sunana na gaskiya, wannan sunan ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. In na tafi shiru, na zaunar da yarinya gida, kakanta kuwa shi ya buɗe mini ƙofa. Malamina bai san komai ba, jiya ma ya turo saƙo yana tambayar ina fasfo, har yanzu ban amsa ba.

Don Allah wanda ya san doka, akwai hanyar da kotu take mayar da diflom kan sunan mutum na gaskiya? In fara gaya wa malamina, ko in fara neman lauya? In kuma babu hanya sai ɗayanmu ta rasa, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Jibi Tekna za ta koma Tazrouk, kuma na yi mata alkawarin amsa kafin ta hau mota.