Ƙofar da Muntari Ya Fasa a Katangar Babanmu

Da sunan Allah nake farawa. Wannan takarda ta fito daga hannun yayanka Mode na Ƙofar Marke, birnin Sakkwato, zuwa ga ƙanena Siddiƙu da ke zangon Kumasi. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da iyalinka, Allah shi tsare ku da ciwon ƙasar kurmi. Mu nan sai godiya. Gero ya yi bana, ƙanwarmu Dije ta samu jika namiji, ni kuwa gwiwa ta hana ni zuwa gona amma ba ta hana ni magana ba. Ka san ban iya riƙe alƙalami ba, Malami limamin unguwa ke rubuta mini, kuma na ce mishi kada ya sassauta kalma ɗaya, ko da ba ta yi mishi daɗi ba.

Zancen da ya sa na nemi takarda shi ne Muntari, ɗan Ndako Banufe. Kai kana cikin Inna lokacin da Ndako ya zo garin ga, ni kuwa da wayona. Na gan shi da idona tsaye bakin zaurenmu, da kayan saƙa a ka, da mata mai ciki, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Baba ya sauke shi. Ya kai shi gun mai unguwa ya ce wanga baƙona ne, in ya yi ɓarna a zo gare ni, in an yi mishi a zo gare ni. Ya ba shi filin bayan gida ya kafa bukka da masaƙa. Sharaɗi ɗaya anka yi mishi, wanda ake yi wa kowane baƙo tun kakanni: ta zauren maigida za ya shiga, ta nan za ya fita. Muddin mutum na bin zaurenka, kowa ya san inuwar wa yake ciki. Ndako ya bi zauren ga shekara talatin da ɗoriya, bai taɓa wucewa bai tuɓe takalmi ba, kuma ta nan munka fitar da gawarsa.

To ɗansa ya fi ƙarfin haka. Watan jiya dangin wani saurayi sunka zo neman auren Mariyatu ɗiyar Muntari, sunka zauna zaurena kamar yadda ya kamata. Dattijonsu ya tambayi asalin yarinya, na ce ɗiyar baƙonmu ce Banufe, mutanen kirki, ba mu taɓa jin abin kunya gare su ba. Mi na faɗi wanda ba gaskiya ba? Muntari na nan zaune, ya sunkuyar da kai. Kwana uku bayan haka, da hantsi, na ji ana dukan katanga. Na ja gwiwata na zagaya, na iske shi da magina biyu sun fasa katangar da Baba ya gina da hannunsa, sun buɗe ƙofa ta fuskar titi. Na tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce mini, da ladabinsa na munafunci, wai nan anka haife shi, nan anka binne cibiyarsa, furfura ta fito mishi a gidan ga, bai san hanyar Nufe ba ko a mafarki, wai har yaushe za a ci gaba da kiran jikokinsa baƙi. Na ce mishi har ranar da katangar ta tashi ta koma Bida da ƙafarta.

Abin da ya ƙara ɓata al'amarin shi ne zamanin ga na Nasara. Shekara tara ke nan da sunka ci garin ga, sun hana mutane sanin babba. Sun sa mai unguwa yawo da wani malaminsu suna ƙirga gidaje, su kuwa ba su san baƙo da ɗan gari ba, ƙofa kawai suke dubawa. Sun zo sun ga ƙofa biyu, sun ce gida biyu, maigida biyu. A gabana mai unguwa ya kira Muntari maigida, mutumin da ubansa ya tsuguna wa ubanmu. Yanzu har tabarma yake shimfiɗawa bakin ƙofar, Nufawan kasuwa na zuwa suna gaishe shi da yarensu, ana jin su har ɗakina.

Na kai ƙara gun alƙali. Ya ce al'adar da na faɗi haka take, bai musa ba, amma filin bayan gida rabonka ne na gado, ba nawa ba, don haka bakinka ake jira. In ka ce aro ne, za a toshe ƙofa. In ka ce ka bar mishi, shi ke nan, gida ya rabu. Ya ba da lokaci har fataken goro su komo kafin ruwa ya sauka.

Na san abin da ke ranka, shi ya sa nake maka magana da zafi. Na san da uwar Muntari ta kwanta ciwo Inna ta haɗa ku ta shayar da ku tare. Na san shi ya haƙa kabarin matata Hajjo da damina, da ni ban iya tsayuwa ba, kai kuma ba ka nan. Ban manta ba, kuma na gode mishi a lokacin. Amma nono ba ya ba mutum katanga. Na kuma ji daga bakin fatake cewa kai ma can wani Ba'ashante ya ba ka fili, ka gina gida, har yaranka na jin yarensu fiye da namu. Kada ka auna ni da wannan. Abin da Ashantawa sunka ga dama su yi da ƙasarsu, su ya dama. Kai ka tahi shekara goma sha bakwai, ka bar ni da rufin ɗakin Inna da yoyonsa, ban taɓa neman komi gare ka ba. Yau ina neman kalma ɗaya.

Ka sani na sa an fara buga tubali, suna nan suna bushewa a tsakar gida, kuma ba za su lalace a banza ba. In amsarka ta zo aro ne, da su zan toshe ƙofar Muntari, ya komo zaure a ci gaba da zama kamar da, ni zan tsaya waliyyin Mariyatu in ya so. In kuwa ka bar mishi, da su zan ja katanga tsakanina da rabonka, tun daga rijiya har turken akuya. Ranar da Allah ya maido ka Sakkwato, kada ka nemi zaurena. Ka zagaya ta titi ka yi sallama ƙofar Muntari, shi ya sauke ka, shi ya kai ka gun mai unguwa ya ce ga baƙonsa.

Ka gai da matarka Balaraba da yaran duka, ko da ba su san sunana ba. Dije na gaishe ka, ta ce in faɗa maka ba ta goyon bayana, na faɗa. Malami ma na gaisuwa. Ka ba madugun da ya kawo wagga takarda amsa, kada ka jira wani.

Ni ne yayanka,
Mode, a gidan Baba.